Tsara Shafin Sadarwa na Cikin Gida a Kamfani: Rawar Harshe da Tsarin Bayani

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san allon sanarwa da ake kafawa a bakin ƙofa, ya san takardar da masinja yake zagayawa da ita tebur-tebur ana sa hannu, ya kuma san yadda fayil yake shiga rajista ya yi ɓatan dabo a daidai ranar da ake nemansa. Ta waɗannan hanyoyi ne ma'aikata suka daɗe suna jin halin da ma'aikatarsu take ciki. Da kwamfuta ta zauna daram a ofisoshi, sai kamfanoni suka fara gina wa kansu shafi irin na intanet wanda ba mai shigarsa sai ma'aikacinsu, da niyyar ya ɗauke aikin allo da masinja da rajista gaba ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ake tsara irin wannan shafi da yadda ake gina shi. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da aikin da ake ganin na injiniyoyi ne. Amsar wannan tambaya ita ce abin da maƙalar take son ta tabbatar, watau cewa kashin da ya fi wuya a aikin na harshe ne: kasa bayani gida-gida, da laƙaba wa kowane gida sunan da ma'aikaci zai gane, da kuma tabbatar da cewa abin da aka rubuta bai tsufa ya zama ƙarya ba. Sayen na'ura da haɗa waya suna biyo baya, kuma galibi su ne suka fi sauƙi.

2.0 Ma'ana da Asali

Sunan da Turawa suka ba wannan shafi shi ne wanda Bahaushe zai furta da intaranet. Ya yi kama da intanet, bambancinsu yana ga ɗafa-goshin da aka aro daga Latin: na intanet yana nufin "tsakani", na intaranet kuwa yana nufin "ciki". A wannan maƙala za a riƙa cewa shafin cikin gida, domin sunan ya dace da tsarin gidan Bahaushe. Shafin da kamfani yake buɗe wa duniya tamkar zaure ne, inda ake saukar baƙo, a nuna masa haja, a faɗa masa abin da ake so ya ji. Shafin cikin gida kuwa ba a shigarsa sai da izini, kuma a can ake maganar albashi da hutu da canjin wurin aiki da sauran abubuwan da ba a faɗa a zaure.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan buƙata ta cikin gida ita ce ta haifi shafukan intanet su kansu. A watan Maris na 1989 wani masanin kwamfuta ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya rubuta wa shugabansa Mike Sendall takardar shawara a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, a kan iyakar Siwizalan da Faransa. Damuwarsa ita ce masana suna zuwa cibiyar daga ƙasashe daban-daban, yawancinsu su yi kamar shekara biyu su tafi, kuma duk wanda ya tafi sai ya tafi da abin da ya sani. Takardun da suka rage suna warwatse a kwamfutoci iri-iri waɗanda ba sa jin maganar juna. Sai ya ba da shawarar a ɗaura takarda da takarda ta hanyar mahaɗa, yadda mai nema zai bi daga wannan zuwa waccan. Zuwa ƙarshen 1990 ya gama manhajar farko a kan kwamfutar NeXT, kuma a ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta sake wa duniya fasahar kyauta.

Akwai wani ɗan bayani a wannan tarihi da ya kamata mai tsara shafi ya riƙe. Daga cikin abubuwan farko da suka jawo ma'aikatan CERN ga sabuwar fasahar har da kundin lambobin tarho na cibiyar, wanda aka sa ya zama ana iya bincikensa ta shafi. Manyan masana ke nan, amma abin da ya kai su shi ne neman lambar abokin aiki.

3.0 Shiri Kafin Gini

Tambayar farko ita ce, su wane ne ma'aikatan? Kwamitin da ake naɗawa don wannan aiki yawanci mutanen ofis ne, kowa da teburinsa da kwamfutarsa, saboda haka sai su tsara shafi don irinsu. Alhali a kamfanin siminti ko na sufuri ko a asibiti, mafi yawan ma'aikata ba su da tebur: direbobi ne da masu gadi da leburori da masu aikin kwana, waɗanda abin da suke da shi wayar hannu ce, da data ta ɗan kuɗi kaɗan. Shafin da ba ya buɗewa da sauri a ƙaramar waya ya riga ya kore su tun ba a buɗe shi ba.

Tambaya ta biyu ita ce, me suke nema? A nan ba a dogara da zato. Hanya mafi arha ita ce a roƙi akawun ofishin ma'aikata da kashiya da mai kula da sito su riƙa rubuta duk tambayar da aka zo musu da ita har tsawon mako biyu ko uku. Idan aka tattara, za a ga tambayoyi kaɗan ne suke ta maimaituwa: ina fom ɗin neman hutu, yaushe za a biya alawus, wa ake gani idan an yi rauni a bakin aiki, mene ne lambar wane. Waɗannan su ne kayan da za a fara zubawa a shafin. Jawabin shugaban kamfani da hotunan bikin ƙarshen shekara suna da wurinsu, amma ba don su ma'aikaci zai buɗe shafi da sassafe ba.

Daga nan sai a zo ga kuskuren da ya fi yawa, watau tsara shafi bisa jerin sassan kamfani. Kowane darakta yana son ya ga sunan sashensa a fuskar shafi, don haka sai a jera Sashen Mulki, Sashen Kuɗi, Sashen Shari'a, da sauransu. Wannan tsari yana gamsar da shugabanni amma yana wahalar da mai nema. Matar da take son hutun haihuwa ba ta san ko takardar tana Sashen Mulki ko na Lafiya ko na Kuɗi ba, kuma bai kamata a ce sai ta haddace tsarin kamfani kafin ta sami haƙƙinta ba. Har wa yau, sassa ana haɗe su ana raba su ana sake musu suna duk lokacin da aka yi sabon shugaba, amma neman hutu da karɓar albashi suna nan yadda suke. Tsarin da aka ɗora a kan buƙatun ma'aikaci ya fi wanda aka ɗora a kan ofisoshi daɗewa.

To, ta yaya za a san yadda ma'aikata suke kasa abubuwa a ransu? Misalin da ya shahara shi ne na kamfanin kwamfuta na Sun Microsystems a Amurka. A 1994 aka ɗora wa Jakob Nielsen da Darrell Sano tsara fuskar shafin cikin gida na kamfanin, wanda aka kira SunWeb. Masu aikin suka zauna suka lissafa irin bayanan da shafin zai ƙunsa, suka sami iri 51. Aka rubuta kowane a kan kati guda, aka yamutsa katunan, aka ba ma'aikata ɗaya bayan ɗaya aka ce kowa ya kasa su kashi-kashi yadda ya ga sun dace, sa'an nan ya ba kowane kashi suna. Daga inda kason mutanen ya yi daidai da juna aka fitar da manyan rukunai 15 na fuskar shafin. Bayan haka aka zana wa kowane rukuni alama, aka nuna wa wasu ma'aikatan ba tare da rubutu ba, aka tambaye su me suke zaton take nufi, wadda aka kasa ganewa aka sake zana ta. Mutanen da aka gwada da su a kowane mataki ba su wuce uku ko huɗu ba.

Abin lura shi ne wannan gwaji bai buƙaci kwamfuta ba. Kati ne da biro da tebur, kuma ɗalibin da ya taɓa fita neman bayanai don nazarin ma'anar kalmomi zai gane shi nan take, domin tambaya ce irin ta masu nazarin harshe: wace kalma ce take tafiya da wace a zuciyar mai magana?

4.0 Suna da Harshe

Idan an gama kasa bayani, sai laƙaba suna, kuma a nan ne shafuka da yawa suke faɗuwa. Sunan da ke kan maɓalli alkawari ne ga mai latsawa cewa abin da yake nema yana ciki. Idan ya latsa sau biyu sau uku bai samu ba, zai rufe shafin ya koma wurin akawu, kuma da wuya ya sake dawowa.

A kamfanin da yawancin ma'aikatansa Hausa suke ji, kamar masana'antun Kano da Kaduna ko kamfanonin da ke aiki a Maraɗi da Damagaram, matsalar tana ninkuwa, domin galibi da Turanci ko Faransanci ake fara rubuta shafin kafin a nemi mai fassara. Mai fassarar da ya bi kalma da kalma zai fito da suna irin "Sashen Albarkatun Ɗan Adam". Kowace kalma a ciki Hausa ce, amma ba direban da zai san cewa nan ne ofishin ma'aikata, inda ake ɗaukar aiki da ba da hutu. Ƙa'idar ita ce a ɗauki sunan da ma'aikata suke kiran abu da shi a bakin aiki, ko da kuwa kalmar aro ce. Fom da alawus da fansho da sito sun riga sun zama 'yan gida, kuma ƙoƙarin maye su da ƙirƙirarrun kalmomi a wurin da ake son saurin fahimta ɓata lokaci ne. Wurin ƙirƙira shi ne inda babu kalma sam.

Ƙa'ida ta biyu ita ce abu ɗaya suna ɗaya. Idan a fuskar shafi an ce "hutun shekara", kada a cikin fom a ce "lifi", a sanarwa kuma a ce "izinin tafiya", domin mai karatu zai ɗauka abubuwa uku ne. Maganin wannan shi ne a buɗe ɗan kundin kalmomi tun daga farko, a rubuta kowace kalma da aka amince da ita, duk mai rubutu a shafin ya bi shi. Kamfanin da yake da rassa a Nijeriya da Nijar yana da ƙarin aiki, saboda kalmomin aro na ɓangarorin biyu ba daga tushe ɗaya suke ba. Alal misali, biro a Kano abin rubutu ne, amma a Nijar, inda aka aro kalmar daga Faransanci, ofis ake nufi.

Sai kuma batun haruffa masu ƙugiya, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne lambarsa, saboda haka shafin da aka gina bisa wannan tsari yana iya nuna su daidai, muddin nau'in haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da su. Matsalar tana wurin bincike. Kalmar kuɗi kaɗai ana samunta a rubuce ta hanya huɗu a takardun ofis: kuɗi, da kudi, da kud'i, da kuma kuxi. Wannan ta ƙarshe gadon wasu nau'o'in haruffa ne, inda ake buga q da x da v su fito da siffar ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar an kwafe rubutun zuwa shafi sai rigar ta tuɓe, x ta bayyana. A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi huɗu ne daban. Ma'aikacin da ya rubuta "karin girma" a akwatin bincike daga wayarsa ba zai sami takardar da aka rubuta "ƙarin girma" ba, sai dai idan an umarci manhajar binciken ta ɗauki k da ƙ a matsayin abu ɗaya a lokacin nema. Haka ma 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar.

Wani zai ce ai mafita ita ce a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Wannan gurguwar shawara ce. Kasa da ƙasa ba ɗaya ba ne, haka bari da ɓari, kuma a takardar da ta shafi kuɗi ko horon ma'aikaci ba a son kalmar da za ta ɗauki ma'ana biyu. Abin da ya dace shi ne a rubuta daidai, a sassauta wajen nema. Injiniya yana iya yin wannan gyara cikin ɗan lokaci, amma ba zai san ana buƙatarsa ba sai wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya faɗa masa.

Shafi mai harshe biyu yana da wani haɗari kuma. Ranar buɗewa Turanci da Hausa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Bayan wata shida an gyara adadin alawus a na Turanci, na Hausa yana nan da tsohon adadi, kuma wanda ya dogara da shi shi ne ƙaramin ma'aikaci da ya fi kowa buƙatar kuɗin. Dole ne a kafa doka cewa ba a sakin gyara sai a harsunan biyu tare. Inda akwai ma'aikatan da karatun boko yake yi musu wuya, sanarwa mai muhimmanci, kamar ta kiyaye haɗari a masana'anta, ana iya haɗa ta da saƙon murya.

5.0 Gini

Ginin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfani yana da zaɓi biyu: ko ya ajiye shafin a babbar kwamfutarsa ta kansa, wadda ake kira sabar, ya ɗauki nauyin wuta da gyara da tsaro, ko kuwa ya yi hayar wuri da manhaja daga wani kamfani. Akwai manhajoji da aka yi don wannan aiki, kamar SharePoint na Microsoft da ya fito a 2001, da Confluence na Atlassian da ya fito a 2004. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas haya ta fi sauƙi, sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Kamfanin Facebook ya buɗe Workplace a 2016 don sadarwar ma'aikata, kamfanoni da yawa suka zuba takardunsu da hirarrakinsu a ciki, sai ga shi a 2024 Meta, uwar kamfanin, ta ba da sanarwar za ta rufe shi. Saboda haka kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya, a tabbatar da hanyar kwashe kaya idan ranar tashi ta zo.

Game da tsaro, kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ba kowa ne yake ganin komai ba: sanarwa ta kowa ce, takardar albashi ta mai ita ce. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a ranar ake rufe ƙofarsa, kuma wannan shi ne babban abin da shafin ya fi zauren WhatsApp da shi, inda wanda aka sallama yake tafiya da duk takardun kamfani a wayarsa. A Nijeriya wannan ya wuce batun ladabi, domin dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai alhakin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu su.

Kafin a buɗe wa kowa, a gwada da reshe ɗaya. A ba mutum biyar aiki, a ce kowa ya nemo fom ɗin hutu, a zauna a gefe a yi shiru ana kallon inda yake ɓata.

6.0 Bayan Buɗewa

Yawancin shafukan cikin gida ba ranar buɗewa suke mutuwa ba. A hankali suke ruɓewa, lambar tarho ta wanda ya yi ritaya tana nan, doka ta bara tana zaune kusa da ta bana ba a san wadda take aiki ba. Ma'aikacin da shafi ya yaudara sau ɗaya ba ya sake yarda da shi. Don haka kowace takarda a shafin tana buƙatar mai ita, mutum guda da sunansa a ƙasanta, da ranar da aka duba ta ƙarshe, da ranar da za a sake dubawa. Wadda ba a sami mai ɗaukar nauyinta ba gara a cire ta. Wannan aikin edita ne, kuma kamfanin da ya ware kuɗin na'ura bai ware na edita ba ya gina rumbu ne ba mai tsaro.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: shin shafin na shugabanni ne su yi magana ma'aikata su saurara, ko kuwa ma'aikata ma suna da baki? Allon sanarwa hanya ɗaya yake bi. Shafi yana iya bin biyu, kuma a nan ne shugabanni suke jin tsoro, musamman na tsakiya, waɗanda sau da yawa rijiya take ba da ruwa su guga su hana.

Kamfanin IBM ya gwada wannan a watan Yuli na 2003, a zamanin shugabancin Sam Palmisano. Aka buɗe muhawara ta awa 72 a shafin cikin gida na kamfanin, aka gayyaci ma'aikata na duk duniya su faɗi abin da suke ganin ya kamata ya zama aƙidar kamfanin. Dubun dubata suka leƙa, kuma saƙonnin farko suka zo da zafi, cike da ƙorafi cewa abin da shugabanni suke faɗa daban, abin da suke yi daban. Har aka sami daga cikin manya wanda ya nemi a rufe muhawarar. Palmisano ya ƙi. Da aka ci gaba sai wasu ma'aikatan suka fara mayar wa masu sukar martani, magana ta koma kan abin da za a gyara. Bayan an rufe, aka tace saƙonnin aka fitar da aƙidoji uku da aka sanar a watan Nuwamba na wannan shekara. Ɗaya daga cikin koke-koken da suka fito shi ne ƙaramin manaja ba ya iya kashe ko ɗan kuɗi kaɗan don warware matsalar abokin ciniki sai ya bi dogon layin neman izini. Amsar da kamfanin ya bayar ita ce ya ware wa kowane ƙaramin manaja har dala 5,000 a shekara, ya kashe ta inda ya ga ya dace ba tare da ya tambayi kowa ba.